TARIHIN ƘUNGIYOYIN 'YAN TASHE A ƘASAR KANKIYA DA KUSADA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa. Bayan haka:

Malamai da 'yan kasuwa su sani, a ƙasar Turai akwai wani irin wasan kwaikwayo da ake kira opera, wanda ba a magana cikinsa sai da waƙa. Sarki da waƙa yake ba da umurni, bara da waƙa yake amsawa, har mai kuka ma da waƙa yake kukansa. An fara shi a ƙasar Italiya wajen shekara ta 1600. Da ya yaɗu ya kai Ingila, sai mutanen ƙananan garuruwa, masu kanti da teloli da malaman ofis, suka riƙa haɗa kansu ƙungiya-ƙungiya. Da rana kowa yana kan sana'arsa, da dare su taru su koyi wasa, in shekara ta kewayo su nuna wa mutanen garinsu, ba don a biya su lada ba. Ƙungiyoyin nan suka yi yawa, har a shekara ta 1899 aka kafa musu uwar ƙungiya guda mai haɗa kansu.

Wanda ya ji wannan labari zai zaci abin na Turawa ne su kaɗai. To, amma in ya zauna ƙofar gidansa bayan sallar asham, azumi yana da kwana goma, a Kankiya ko Kusada ko wani gari na ƙasar Hausa, irinsa zai zo ya same shi har inda yake. Wannan shi ne tashe: labari ne da ake kwaikwaya da waƙa, masu yinsa kuwa ba maroƙa ba ne. Roƙo sana'a ce, galibi ta gado, amma ɗan tashe ɗan manomi ne, ko ɗan maƙeri, ko almajiri, ko ɗan malam, wanda in salla ta wuce ba ya sake ɗaukar gwangwani sai baɗi. Yau wannan al'ada tana cikin ƙunci, saboda haka ya cancanta a ba da tarihinta, a auna amfaninta da aibinta, tun ba ta shuɗe ba.

ASALIN TASHE

Kalmar tashe daga tashi ta fito, watau tashin mutane daga barci domin su yi sahur. Wannan aiki kuwa yana da tushe. Ya inganta cewa a Madina Bilalu yakan yi kira da sauran dare domin mai barci ya farka, sa'an nan Ibnu Ummi Maktum ya yi kira in alfijir ya keto. Da garuruwan Musulmi suka yi girma, murya guda ba ta isa ko'ina, sai aka sami masu yawo lungu-lungu suna tada mutane. A Masar ana kiran mai wannan aiki musaharati, yana tafe da 'yar ganga. Masu tarihi sun ambata cewa gwamnan Masar, Anbasa ɗan Ishaƙu, a shekara ta 238 bayan Hijira, da ƙafarsa yake fita yana kiran mutane su tashi su ci.

A ƙasar Hausa, abin da dattawa suka gada daga kakanni shi ne gwauraye suka fara. Gwauro shi ne wanda ya taɓa aure matar ta fita bai sake ba, saɓanin tuzuru wanda ya girma bai taɓa yi ba. Tun da ba shi da mai dafa masa, tilas ya riga kowa tashi ya hura wuta, in kuwa ya tashi sai ya bi unguwa da kiɗa da barkwanci yana tada masu iyali, su kuma su ba shi sadaka. Daga nan abin ya zama sarauta. A birnin Kano akwai Nalako, sarkin gwauraye, wanda shi da jama'arsa sukan kama gwauro su ɗaura masa igiya, su rataya masa tarkace, su zaga da shi gari ana yi masa waƙa, har su kai gaisuwa fada. Manufar wasan a fili take: kunya ta sa mutum ya nemi aure kafin wani azumin.

Yara suna ganin manya suna haka ana ba su hatsi, sai su ma suka ɗauka. Amma yaro ba ya iya fita da asuba, saboda haka nasu ya koma bayan lisha. Zaɓen kwanakin ma da hikima. Hausawa sun kasa azumi uku: goma ta marmari, goma ta wuya, goma ta ɗokin salla. Tashe a goma ta tsakiya yake, lokacin da jiki ya fara nauyi, mutane suna bukatar abin da zai sa su dariya. Cikinta ne kuma farin wata yake cika, a zamanin da babu lantarki. In goman ƙarshe ta shigo sai a ajiye wasa, domin ta itikafi ce da tsayuwar dare da neman Lailatul Ƙadari.

YADDA ƘUNGIYA TAKE TSAYUWA

Kankiya tana bisa babbar hanyar Kano zuwa Katsina. Kusada kuwa ƙasarta ta yi iyaka da ƙasar Kano, cikinta ne Yashe take, inda hanyar Funtuwa ta zo ta haɗu da ta Kano. Garuruwa ne na noma da kasuwa da karatun allo, waɗannan uku kuwa su ne suka riƙe tashe: manomi ya ba da hatsi, ɗan kasuwa ya ba da kwabo, makaranta da unguwa su ba da yara.

Ƙungiyar tashe ba ta da takarda, ba ta da ofis, amma tana da tsari. Yaran unguwa guda, tsara guda, su ne ƙungiya. Tun kafin goma ga wata suke shiri: su zaɓi wasan da za su yi, su fid da mai murya ya zama jagora, su fid da wanda ba ya jin kunya ya sa kayan wasa, saura su zama 'yan amshi, a ba wa amintacce jaka ya riƙe abin da aka samu. Kayan wasa ba a saye. Auduga ita ce gemu, gawayi da toka su ne kwalliya, tsohuwar rigar uba da buzu da sanda sun isa mai da yaro tsoho. Maza suna kaɗa gwangwani ko tsohon kwano, mata kuwa suna tafi, ko su kifa ƙwarya cikin ruwa su kaɗa. In kwanakin sun cika sai a zube abin da aka tara, gero da dawa da kuɗi, a raba, ko a sayar da hatsin a yi dafa-duka a ci tare. A da anini da kwabo ake ba su, har zuwa 1973 da naira ta shigo.

Wannan tsari ba daga sama yara suka same shi ba. Ƙauyukan Hausa sun daɗe da ƙungiyoyin samari masu sarautu. Wata tsohuwa, Baba ta Karo, wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta faɗi yadda yara suke naɗa wa junansu sarautu suna kwaikwayon fada. Haka kuma a bukin Kalankuwa, wanda samari ke yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, akan naɗa Sarkin Samari da alƙalinsa da dogaransa, su yi kwanaki suna shari'ar wasa. Yaron da ya riƙe jakar tashe bai ci amana ba, shi ne gobe za a ba wa ajiyar kuɗin gayya, ko a ɗora shi kan rumfar kasuwa.

WASANNI DA ABIN DA KE CIKINSU

Ko wane wasan tashe ƙaramin labari ne. Jagora ya ba da waƙa, 'yan amshi su karɓa, wanda ya sa kaya ya nuna da jikinsa, duk cikin abin da bai fi minti biyar ba, domin akwai gidaje da yawa a gaba.

Akwai Tsoho da Gemu, inda yaro yake duƙawa bisa sanda yana rawar jiki, 'yan'uwansa suna nema masa taimako. Mai kallo yana dariya, amma an tuna masa cewa tsufa na tafe, kuma tsoho yana da hakki a kan masu ƙarfi. Akwai wasan mai haɗama, wanda ya cusa tsumma a riga cikinsa ya yi tulu, ya ci abin buɗa baki har tashi ya gagare shi. Babu wa'azin da ya fi wannan dacewa da watan azumi.

'Yan kasuwa suna da nasu rabo, watau Jatau Mai Magani. Yaro yakan ɗauko jaka cike da saiwoyi da sassaƙe, ya baje, ya shiga lissafa itatuwa da cututtukan da suke warkarwa, da irin zaƙin bakin masu talla a kasuwa. Fa'ida biyu ke nan: yara suna haddace sunayen itatuwan daji, mai saye kuma yana koyon kada ya gaskata duk abin da mai talla ya faɗa.

Malamai ma ba a bar su ba. Akan naɗa wa yaro rawani, a liƙa masa gemu, a ba shi allo da tasbaha, sa'an nan 'yan amshi su tuhume shi da cewa an gan shi yana rawa. Shi kuwa ya yi ta musu yana neman shaida, har kiɗa ya ɗebe shi ya taka a gaban kowa. Malamai na da sukan yi dariya su ba da sadaka, domin sun gane inda aka nufa: mai hana abu ya fara hana kansa. Garin da yara ke iya faɗa wa malami haka sau ɗaya a shekara, shi kuma ya karɓa da murmushi, gari ne mai lafiya.

'Yan mata suna da Mairama da Daudu. Ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta yi lulluɓi ta zama amarya, saura suna waƙa suna nuna mata yadda ake gaisuwa da kai ruwa da zaman gidan miji. Su ne kuma ke shiga har tsakar gida, wurin matan kulle waɗanda ba sa zuwa dandali. Ga mace mai tsari a ƙauye, kafin rediyo ya yawaita, wannan ne wasan kwaikwayon da take gani a shekara.

Akwai kuma Macukule, wanda ake kwaikwayon Bagwari da irin Hausarsa. Asalinsa wasan barkwanci ne irin wanda ke tsakanin Katsinawa da Nufawa. Sai dai irin wannan yana bukatar babba a kusa, domin tsakanin barkwanci da cin mutuncin wata ƙabila taki guda ne.

INDA FATAKE SUKA KAI SHI

Hausawa ba su bar wannan al'ada a gida ba. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, akwai wasan da ake kira Dodo, wanda yara ke yi da dare cikin watan azumi, suna sa fuskokin namun daji, suna bin gidaje da kiɗa ana ba su kyauta. Masu bincike sun nuna fataken Hausa ne suka kai shi can a ƙarni na 19, sunan ma ya isa shaida. A ƙasar Yarbawa kuwa samari suna da nasu kiɗan tashin sahur da suke kira were, har a da akan yi gasa a Ikko da Badun. Daga cikinsa ne Sikiru Ayinde Barrister ya fitar da kiɗan fuji. Ashe abin da ake gani wasan yara ne yana iya haifar da babbar sana'a.

A gida ma haka ne. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, maƙwabciyar Kankiya, a 1923, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba. A dandali ya fara waƙa tare da samari, don sha'awa, yana tallan goro da alewa. Ya kai har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka rufe shi a Daura. Wasan kwaikwayo na boko kuwa, wanda ya fara da littafin wasanni shida na Dokta East cikin shekarun 1930, sa'an nan Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959, ya tarar da mutanen da tun suna yara sun san kwaikwayo. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka sani da Kasagi, ya buga Kulɓa Na Ɓarna a 1979. A Kano ƙungiyar Tumbin Giwa, ta masu wasa don sha'awa, ita ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafa shi mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Duk waɗannan rassa ne, ƙasar da suka tsiro a kai kuwa ita ce dandali da ƙofar gida.

MAS'ALAR HUKUNCI

Mai karatu malami zai tambaya: shin wannan ba lahawu ba ne cikin wata mai alfarma? Tambaya ce mai nauyi. Malamai sun yi saɓani game da kayan kiɗa tun da daɗewa, ba kuwa a wannan shafi za a raba gardamar ba. Amma ya inganta a Buhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da māsu cikin masallacin Madina, Nana A'isha tana kallo, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kāre ta. Saboda haka wasa a kan kansa ba shi ne abin zargi ba, abin da ya biyo shi ake dubawa. In tashe ya hana sallar asham, ko ya haɗa balagaggu maza da mata cikin duhu, ko aka sa batsa a waƙa, ko aka kira sunan wani aka ci zarafinsa, to ya ɓaci. In babu waɗannan, yara ne suke yi wa manya nasiha da dariya, manya kuma suna samun ƙofar sadaka.

HALIN DA AKA SHIGA

Abubuwa da dama sun taru sun raunana tashe. Talabijin da wayar hannu sun shiga ɗaki, mace ba ta jiran 'yan mata su kawo mata wasa. Yara da yawa ba su san waƙa ta cika ba, sai su kama baiti guda su yi ta maimaitawa a bakin titi suna tare motoci, abin ya koma bara. A manyan birane 'yan daba suka riƙa fakewa da tashe, su fito da makamai su yi ƙwacen waya, har a shekara ta 2024 'yan sandan Jihar Kano suka ba da sanarwar hana shi. A azumin 2020 dokar kulle saboda annobar korona ta hana taruwa. Daga 2020 zuwa 2025 kuma hare-haren 'yan bindiga sun taɓa ƙauyuka da yawa na Jihar Katsina, uban da ke kwana da fargaba kuwa ba zai bar ɗansa ya fita da dare ba.

Amma in an bi diddigi, akwai wani dalili da ya riga waɗannan. A da ƙungiyar tashe tana da masu ita. Mai unguwa ya san 'ya'yan wane ne, malamin makaranta ya san inda almajiransa suka nufa, mai tireda ya san fuskokinsu, in yaro ya yi rashin kunya kafin ya kai gida labari ya riga shi. Da manya suka janye hannu, wasu don ganin abin ƙauyanci ne, wasu don ganin bidi'a ce, sai aka bar yara su kaɗai. Gonar da mai ita ya daina zuwa, ba a mamaki in ciyawa ta cinye ta. Hani kuma yana kashe mai kyau tare da mugu, domin ɗan daba in an hana shi tashe zai sami wata mafaka, amma waƙar Jatau in ta fita daga bakin yara shekara goma ba mai maido ta.

ABIN DA YA KAMATA

Kankiya da Kusada ba su kai girman Kano ba, har yanzu mutane sun san juna, saboda haka gyara yana yiwuwa. Hakiman biyu, Kankiyan Katsina da Bebejin Katsina, suna da dagatai da masu unguwanni a ƙarƙashinsu. In ko wane mai unguwa ya san ƙungiyoyin unguwarsa da sunan jagoransu, aka haɗa ko wace ƙungiya da babba guda mai bin ta, aka yanke cewa ba a farawa sai an sallame asham kuma ba a wuce sa'a kaza, to ɓata-gari ba shi da wurin shiga. Inda dare ba shi da aminci, a yi da la'asar a ƙofar fada ko filin makaranta.

Malamai su saurari abin da yara ke rerawa, su cire abin da bai dace ba, su bar saura. Almajirai manya masu hannun rubutu su zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su suka fi riƙe waƙoƙin, su rubuta su da ajami a ajiye a makaranta. Marubuta irin su Muhammad Balarabe Umar, mai littafin Wasannin Tashe, sun tattara wasu, amma ko wane gari yana da nasa lafazi da nasa ƙari, na Kusada kuwa sai ɗan Kusada zai rubuta shi daidai. 'Yan kasuwa kuma, waɗanda Allah ya buɗa wa, buhun gero guda da turmin atamfa sun isa a sa gasa tsakanin unguwanni a daren ashirin ga wata, a ba wa ƙungiyar da ta fi cika waƙa da ladabi. Yaro in ya san za a auna shi a gaban iyayensa, da kansa zai je wurin kakarsa ya koyi waƙar tun daga farko har ƙarshe.

Allah ya shirya zuriya, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya karɓi azumin Musulmi baki ɗaya. Amin. Tamat.